Yadda Zaren Jijiya Ke Gane Hanyarsa Tun a Cikin Mahaifa

Zaruruwan jijiya fiye da miliyan 1 ne suke fita daga kowane ido na ɗan Adam su nufi ƙwaƙwalwa. Na farkonsu sukan kama hanya tun tayi bai cika wata uku ba, kuma ba su yi nisa ba sai su iske mararraba a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda na idon dama suke gamuwa da na idon hagu. A nan dole kowane zare ya zaɓa. Ɗan fiye da rabi sukan tsallaka zuwa ɗaya ɓarin, sauran su karkata su zauna a ɓarinsu. Rabon kuwa ba na kan mai uwa da wabi ba ne. Zaren da ya taso daga sashen ido na kusa da hanci shi ke tsallakawa, wanda ya taso daga sashen da ke wajen kunne shi ke karkatawa. Da wannan rabo ne idanu biyu suke haɗa hoto guda, har mutum ya iya auna nisa da kusa, ya zura zare a allura, ya tsinci ƙwayar gero ɗaya daga faifai. Duk aikin a cikin duhu ake yin sa, watanni kafin idon ya taɓa ganin haske.

Na ido ke nan kawai. Ƙwaƙwalwar baligi tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, bisa ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel 'yar Brazil da abokan aikinta suka fitar a 2009, kuma kusan kowace ƙwaya tana miƙa dogon zare guda, wanda masana ke kira akson, don kai saƙo ga wasu. Ƙwayoyin gado masu ɗauke da umarnin ƙera furotin a jikinmu kuwa wajen 20,000 ne kacal. Ko da kowacce za ta zama adireshin zare ɗaya, ba za su ishi ido guda ba. Ashe ke nan babu wani kundi da aka rubuta wa kowane zare gidan da zai sauka. Gwanintar tana can bakin zaren shi kansa, a wani ɗan abu da bai kai kaurin gashin kai ba.

Wanda ya fara ganin sa shi ne Santiago Ramón y Cajal, mutumin Sifaniya, a 1890, lokacin yana koyarwa a Basalona. Tun yana yaro zane ne a ransa, har mahaifinsa, wanda likita ne, ya taɓa kai shi koyon aski da ɗinkin takalma ko ya rabu da shi, amma zanen nan shi ya zame masa jari daga baya. Ya yi aiki da wani rini na sinadarin azurfa da Camillo Golgi ɗan Italiya ya gano a 1873, rini mai hali na musamman: cikin ɗaruruwan ƙwayoyi 'yan kaɗan yake kamawa, amma wadda ya kama sai ya baƙanta ta tun daga jiki har ƙarshen zare. Dabarar Cajal ita ce ya bar ƙwaƙwalwar manya, wadda ta riga ta cunkushe, ya koma ga ta 'yan tayi. A cikin lakar ɗan tsako mai 'yan kwanaki a ƙwai, wato jijiyar nan mai kauri da ke ratsa ƙashin baya, ya ga kowane zare mai tsirowa yana ƙarewa da wani kumburi mai 'yan tsinaye. Naman da ke gabansa matacce ne, an sandarar da shi an yayyanka, amma daga siffar kumburin kaɗai ya yanke cewa abu ne mai motsi, mai laluben hanya. Bayan shekara biyu ya ƙara da cewa lalle wasu sinadarai ne suke kiran sa daga nesa. Sai da aka yi ƙarni guda kafin a riƙe irin waɗannan sinadarai a hannu. Kumburin nan shi ne kan tsiro.

A 1907 Ross Harrison na Amurka ya gan shi da rai. Ya ɗebo ɗan yankin laka daga tayin kwaɗo, ya sa shi cikin ɗigon ruwan jikin kwaɗo a kan gilashi, ya zauna yana kallo ta madubin ƙara girma. Zaren ya fito daga ƙwayar yana rarrafe, kansa yana miƙa yatsu yana janyewa, daidai yadda Cajal ya ƙiyasta.

Kan tsiro shimfiɗaɗɗe ne, gefensa duk siraran yatsu, tsakaninsu kuma wata 'yar fata mai kaɗawa. Abin da ke tsayar da yatsun wani furotin ne, aktin, wanda ake jerawa a gaba ana warwarewa a baya babu tsayawa, shi ya sa yatsa yakan fito ya koma cikin 'yan mintoci. A jikin kowane yatsa akwai makarɓai, su ma furotin ne, kowane iri da sinadarin da yake ganewa. Idan yatsan dama ya taɓa abin da ya yi masa, sai ya manne, aktin ya taru a wannan gefen, sannan wasu ƙananan bututu da ke tsakiyar zaren su kutso su bi bayansa su ƙarfafa wurin. Yatsun hagu da ba su sami komai ba su janye. Shi ke nan, an yi kwana. Idan kuma abin ƙi ya taɓa, gefen nan ne zai rushe, tafiya ta karkata zuwa ɗaya gefen, in abin ya yi yawa ma kan gaba ɗaya ya tsuke ya ja da baya, ya dakata, ya sake buɗewa. Abin da yake bari a baya yana tafe shi ne zaren. In hanya ta yi kyau yakan ci wajen milimita 1 a yini. Masu kallonsa sun lura cewa a miƙaƙƙiyar hanya siriri yake zama ya yi sauri, amma da ya iso mararraba sai ya rage gudu, ya faɗaɗa, ya ƙara yawan yatsu.

Kuma ba ya jiran umarni daga gida. A 1987 William Harris da Christine Holt da Friedrich Bonhoeffer sun raba zaruruwan ido da ƙwayoyin da suka haife su a tayin kwaɗo, amma kawunan suka ci gaba da tafiya na wasu sa'o'i, suna yin kwana inda ya kamata. Daga baya Holt, a Jami'ar Kambirij, ta nuna cewa kan tsiro yana tafe da kayan ƙera furotin nasa, kuma cikin mintoci da gamuwa da wata alama yakan ƙera abin da yake bukata nan take.

To wace irin alama yake karantawa? Amsar ta fara fitowa ne daga kwaɗin Roger Sperry a farkon shekarun 1940. Kwaɗo da danginsa suna da wata baiwa: in an yanke musu jijiyar ido takan sake tsirowa. Sperry ya yanke jijiyar, ya juya ƙwayar idon a cikin gurbinta har sama ya koma ƙasa, ya bar ta ta warke. Gani ya dawo, amma a juye. In ƙuda ya gifta ta sama, kwaɗon ya kai hari ƙasa, in ta gaba ne, ya waiga baya, kuma bai taɓa gyarawa ba komai daɗewa. Kowane zare ya koma tsohon mazauninsa a ƙwaƙwalwa, ko da yake komawar ba ta da sauran amfani ga dabbar. Da koyo ne yake shirya hanyoyin, da kwaɗon ya gyara. A 1963 Sperry ya bayyana ra'ayinsa a fili: zaruruwa da mazauninsu suna ɗauke da shaidar sinadari, kuma shaidar tana hawa ne sannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan.

Bonhoeffer, a Tubingen ta Jamus, shi ya ƙirƙiro gwajin da ya tabbatar da haka, gwaji mai sauƙi da tsafta da ban sha'awa. Ya ɗebo fatar ƙwayoyi daga gaba da kuma bayan tashar gani ta ƙwaƙwalwar ɗan tsako, ya shimfiɗa su siraran layuka, ɗaya na gaba ɗaya na baya, ya ɗora yankin ido a bakinsu. Zaruruwan sashen kunne suka bi layukan gaba kawai. Son gaba suke yi, ko ƙin baya? Sai ya ɗumama fatar baya har furotin ɗinta ya lalace, nan take zaruruwan suka daina zaɓe. Ashe ƙi ne. A 1995 aka gano sinadaran, aka kira su efrin. Yawansu yana ƙaruwa daga gaban tashar zuwa bayanta, makarɓansu kuma suna ƙaruwa a ido daga sashen hanci zuwa na kunne. Zare mai makarɓai da yawa da wuri yake jin abin ya ishe shi, sai ya tsaya a gaba, mai kaɗan kuwa ya wuce can ciki kafin ya tsaya. A ƙara wani jerin na sama da ƙasa, taswira ta kammala. Da 'yan sinadarai kaɗan aka raba wa dubun dubatar zaruruwa mazauni, kowanne kusa da maƙwabcinsa na asali.

Wannan sauka ce a ƙarshen tafiya. Ita kanta tafiyar, fara ce ta tona asirinta. A 1976 Michael Bate ya lura cewa a ƙafar tayin fara, ƙwayoyi biyu ne kacal suke fara miƙa zare daga ƙarshen ƙafa zuwa jiki, kuma hanyar da suke bi, da kwanarta, ɗaya ce a kowane tayi. David Bentley na Jami'ar Kalifoniya ya bi sawunsu ya tarar da wasu ƙwayoyi a jere a kan hanyar, tsakanin kowace da ta gaba bai wuce abin da yatsun kan tsiro za su iya kaiwa ba. A 1983 da aka kashe na wata kwana da haske mai ƙuna, kan ya iso wurin ya yi ta kai-komo, ya kasa gane gaba. Fataken da suka riƙa tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro haka suka yi da tafiyar watanni: suka yanka ta zango-zango, jagaba a gaba yana neman zango na gaba kawai, ayari na bin sawunsa. Zaren farko shi ne jagaba, kuma yana yin tafiyarsa tun jiki yana ƙarami, lokacin da duk nisan bai wuce milimita ɗaya ko 'yan kaɗan ba. Na baya sukan manne da jikinsa su bi, har su zama dami, damin nan kuwa shi ne jijiyar da likita yake gani da ido. Zaren da ya tashi daga ƙasan laka ya kai babban yatsan ƙafa, mai tsawon kusan mita 1 a jikin baligi, ya isa ne tun ƙafar tana 'yar mitsitsiya, sauran tsawon duk miƙewa ce da ya yi tare da girman jiki.

Sai dai tafiyar zango tana da wata matsala wadda, a ganina, a nan gwanintar ta kai matuƙa. In zango yana da abin da ke jawo kan tsiro har ya iso, me zai sa ya bar shi?

Inda aka fi nazarin wannan shi ne tsakiyar laka, a irin zaruruwan nan da Cajal ya zana. Ƙwayoyinsu suna ɓangaren baya na laka. Rufin da ke kusa da su yana sakin abin da ke kore su, sai su gangara zuwa ɓangaren ciki, inda wasu ƙwayoyi suka yi dandamali a daidai layin tsakiya. A 1988, a Jami'ar Kolambiya da ke New York, Marc Tessier-Lavigne da Marysia Placzek da Jane Dodd da Thomas Jessell suka ajiye yankin dandamalin kusa da yankin baya a cikin faranti, sai zaruruwa suka ɓarke suka nufe shi. A 1994, bayan an tace ƙwaƙwalen dubban 'yan tsakin cikin ƙwai, aka ware furotin ɗin, aka sa masa suna netrin. Da aka duba sai ga shi ɗan uwan wani furotin ne da aka riga aka sani a jikin wata tsutsa mai tsawon milimita 1, wadda in ta rasa shi jijiyoyinta sukan ɓace hanya ta kasa tafiya daidai. Binciken da aka yi a Faris da Los Angeles a 2017 ya ƙara gyara hoton: netrin mai yawa shafe yake a jikin hanyar, zaren yana taka shi yana bi, ba daga nesa kawai yake kira ba.

Yadda ake barin tsakiya kuwa daga ƙudan 'ya'yan itace aka koya. A 1993 ɗakin binciken Corey Goodman ya tace dubban ƙudaje masu tawayar gado ya fitar da iri biyu masu ban mamaki. A ɗaya, babu zaren da ke tsallaka tsakiya. A ɗayan kuma zaruruwa sukan tsallaka, su dawo, su sake tsallakawa, su yi ta kewaye. Furotin ɗin da na biyun suka rasa, Robo, makarɓi ne, kuma a 1999 aka tabbatar cewa abin da yake ganewa wani sinadarin kora ne, Slit, wanda tsakiyar ita kanta take saki. Wato tsakiya tana kira tana kora a lokaci ɗaya. Zaren da aka nufa da tsallakawa yakan ɓoye Robo nasa a ciki, ba ya barin sa ya fito jikin yatsu, don haka kira kaɗai yake ji. Da ya tsallaka sai ya daina ɓoyewa, Robo ya bayyana, wurin da ya yi ta nema ya zama abin gudu, kuma ba zai sake komowa ba. A dabbobi masu ƙashin baya ma haka abin yake, da ɗan bambancin kayan aiki: bayan tsallakawa zaren yakan daina kula netrin, ya fara jin korar Slit da ta wani dangin sinadarai da ake kira semaforin, sannan ya yi kwana ya nufi kai yana bin wata alamar dabam. Mu-ming Poo da ɗalibansa sun nuna a 1997 cewa netrin ɗin nan ɗaya yana iya jawowa yana iya korewa, gwargwadon yawan wani ɗan sinadari da ke cikin kan tsiron. Alama ɗaya, ma'ana biyu, kuma matafiyin ne yake sauya kunnensa a kowane zango. Ta haka dangin sinadarai huɗu ko biyar, da 'yan mataimaka, suke isar tafiye-tafiye marasa ƙidayuwa.

Wannan tsallakawa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki: jini ya toshe a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, hannun dama ya mutu, domin mafi yawan zaruruwan motsi suna tsallakawa a gindin ƙwaƙwalwa. A 2004 aka gano cewa mutanen da suka gaji tawaya a wani nau'in Robo daga uwa da uba, waɗannan zaruruwa ba sa tsallakawa a jikinsu. Suna tafiya suna aiki, amma ba sa iya juya ido dama ko hagu, kuma ƙashin bayansu yakan karkace tun suna yara. Masu tawaya a makarɓin netrin kuwa, kamar yadda aka nuna a 2010, in sun motsa yatsun hannu ɗaya na ɗayan ma sai su motsa ba da nufi ba, saboda wani kaso na saƙon bai tsallaka ba. Na kusa da mu shi ne zabiya. Baƙin launin da ke bayan ido yana da hannu wajen tsara waɗanne zaruruwa ne za su zauna a ɓarinsu, don haka a idon zabiya da yawa daga waɗanda ya kamata su karkata sukan tsallaka. Wannan yana cikin dalilan da ke sa auna zurfi yake yi musu wuya, ban da raunin ganin da ke zuwa daga idon shi kansa. Yaro zabiya da yake kai littafi daf da fuska ba wasa yake yi ba, kujerar gaban aji haƙƙinsa ce.

Kafin ma zare ya fita, ƙwayar ita kanta sai ta yi ƙaura. Ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar waje mai lanƙwashe-lanƙwashe inda tunani da magana suke, ba a can ake haihuwar su ba. Ana haihuwar su ne can ciki, a bangon kogunan ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa, akasari tsakanin wata na uku da na biyar na ciki. A 1972 Pasko Rakic, wanda ya taso a tsohuwar Yugoslabiya ya koma Amurka, ya bi jerin yankakken naman tayin biri ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi mai aiki da lantarki, ya ga kowace ƙwaya mai ƙaura tana rungume da wani dogon zare da ya miƙe daga bangon ciki har fatar waje. Hawansa take yi. Takan miƙa hannu gaba ta kama, sannan ta jawo cibiyarta mai nauyi, ta saki baya, ta sake miƙawa, tafiyar da a ɗan Adam takan ninka tsawon jikinta sau ɗaruruwa. Kusan shekara 30 bayan haka aka gano cewa ƙwayoyin da suka miƙa waɗannan zaruruwa su ne kuma suke haifar masu hawan. Uwa ce take miƙa wa 'yarta abin hawa.

Tsarin saukarsu ya saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa. Ɓawon hawa shida ne, kuma Jay Angevine da Richard Sidman sun nuna a 1961 cewa na farkon haihuwa su ke zama a hawan ƙasa, kowane rukuni na baya kuma sai ya ratsa ta cikin yayyensa ya zauna a samansu. Abin da ke tsare wannan tsari an same shi ne daga wani ɓera mai tangaɗi da Douglas Falconer ya bayyana a Edinbara a 1951. A ƙwaƙwalwarsa na baya ba sa iya wuce na gaba, sai hawan ya fito kusan a kife. A 1995 aka gano furotin ɗin da ya rasa, rilin, wanda wasu ƙwayoyi da ke can saman ɓawon suke saki. Akwai kuma wani ayarin da ba ya hawa ko kaɗan. Ƙwayoyin da aikinsu shi ne taka wa sauran burki, kusan ɗaya cikin biyar a ɓawon ɓera, ana haihuwar su ne a gindin ƙwaƙwalwa, su yi doguwar tafiya a kaikaice, kamar yadda ɗakin binciken John Rubenstein ya nuna a 1997, suna kauce wa yankunan da semaforin ya tare. A ɗan Adam wasunsu suna kan hanya zuwa goshin ƙwaƙwalwa har watannin farko bayan haihuwa. In ƙaura ta tsaya a rabi, ƙwayoyi sukan taru inda ba wurinsu ba, ko ɓawon ya fito sumul babu lanƙwasa, kuma irin wannan yana cikin sanadin farfaɗiyar yara mai wuyar magani.

Ƙaurar da ta fi ba ni mamaki ta hanci ce. Ƙwayoyin da ke ba da umarnin balaga ba su wuce 'yan dubbai ba, kuma Marlene Schwanzel-Fukuda da Donald Pfaff sun nuna a 1989 cewa a hancin tayi ake haihuwar su, su bi zaruruwan da ke tashi daga hanci su shiga ƙwaƙwalwa. In waɗannan zaruruwa suka kasa shiga, su ma sai su maƙale a bakin ƙofa. Wannan ne ya warware wata larura da Franz Kallmann ya bayyana tun 1944, ta mutanen da ba sa jin ƙamshi ko wari kuma ba sa balaga. Abu biyu da ba wanda zai haɗa su, ashe hanya ɗaya ce ta yanke. Rashin balagar yana da magani, domin ana iya ba su sinadaran da jikinsu ya kasa samarwa.

Isowa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Jiki yakan aika fiye da bukata, sannan ya rage: a cikin ƙwayoyin da ke motsa tsoka, kusan rabi sukan mutu bayan sun isa, waɗanda suka sami gurbi mai kyau su rayu. A ido kuma, Carla Shatz da abokan aikinta sun gano a 1991 cewa tun kafin gani ya fara, wutar jijiya takan riƙa ratsa bayan ido rukuni-rukuni da kanta, maƙwabtan ƙwayoyi suna kunnuwa tare, kuma da wannan ake daidaita abin da efrin ya zana a gurguje. Bayan haihuwa haske ya karɓi aikin, shi ya sa jaririn da aka haifa da yanar ido ake gaggauta yi masa aiki cikin makonnin farko.

Gwanintar ba ta mutuwa gaba ɗaya da girma. Likitan da ya ɗinke jijiyar da wuƙa ta yanke a wuyan hannu riga kawai yake haɗawa, zaruruwan ciki su ne za su sake yin kan tsiro su bi tsohon bututunsu, wajen milimita 1 a yini, shi ya sa ji yakan ɗauki watanni kafin ya dawo yatsu. Likitan yakan bi jijiyar yana ɗan ƙwanƙwasawa, inda majinyaci ya ji tsirr nan kawunan suka iso, wata mai zuwa wurin ya matsa gaba. A laka da ƙwaƙwalwa kuwa hakan ba ta faruwa. Samuel David da Albert Aguayo sun nuna a Montreal ta Kanada a 1981 cewa laifin ba duka na zaren ba ne: da suka yi wa zaruruwan laka gada da yankin jijiyar ƙafa, sun tsiro a cikinta mai nisa, sai da suka koma cikin laka suka tsaya. Tabon rauni cike yake da abubuwan kora, har da dangin semaforin da efrin. A 2018 masu bincike a Los Angeles da Lozan ta Suwizalan sun yi nasarar sa zaruruwa su ratsa lakar ɓera da ta yanke gaba ɗaya, amma ɓerayen ba su tashi ba, domin zaruruwan sun tsallaka ne ba tare da sanin inda za su ba. A 2023 suka sake gwadawa. A wannan karon sun tantance irin ƙwayoyin da tafiya ta dogara a kansu, suka shimfiɗa musu sinadarin kira daki-daki har zuwa ƙasan laka inda asalin mazauninsu yake, sai ɓerayen suka fara taka ƙafafun baya. Da aka kashe aikin waɗannan ƙwayoyi, tafiyar ta sake ɗaukewa. Gwajin na ɓera ne, lakar ɗan Adam kuma ta fi tasa tsawo nesa ba kusa ba, don haka zangunan da za a shimfiɗa wa zarenmu sun fi haka yawa.